Wa Ya Rina Sararin Samaniya? Yadda Lambobi Ke Komawa Hotunan Taurari

A makon da aka saki hotunan farko na na'urar hangen nesa ta James Webb, cikin Yulin 2022, ɗan yayata da ke ajin ƙarshe na sakandare ya miƙo mini wayarsa bayan mun idar da sallar isha'i. Abin da ke kan fuskar wayar ya yi kama da jerin duwatsu masu launin ruwan goro, samansu shuɗi mai hazo-hazo, ga taurari birjik, kowanne ya miƙe tsinkayen haske. Ya ce, "Kawu, wai da gaske haka wurin yake, ko dai kwamfuta ce ta zana?" Na ce masa wurin yana nan, a cikin wani gajimaren ƙura da iskar gas da ake kira Carina, kuma hasken da aka kama ya yi kimanin shekara 7,600 yana tafiya kafin ya iso. Amma launin, mutane ne suka zaɓa. Sai ya yamutsa fuska ya ce, "Ashe ƙarya ce."

Wannan hukunci nasa ya daɗe yana damuna, domin na san mutane da yawa haka suke yankewa. Wasu kuma suna can ɗaya gefen, duk abin da aka ɗora masa sunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun karɓa ba tambaya. Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji. A sha'anin hotunan sararin samaniya karin maganar na buƙatar gyara, saboda wanda ya ga hoton bai ji yadda aka haɗa shi ba, rabin labarin kawai ya samu.

A fara da shi kansa hasken. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tsawon igiyar shi ke bambanta launi da launi. Idon ɗan Adam yana kama ɗan ƙanƙanin yanki ne, daga kimanin maikiron 0.4, wato wajen shuɗi, zuwa 0.7, wato ja. Maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Da zarar igiyar ta fi ta ja tsawo, ido ya sallama, amma hasken yana nan. Wanda ke son ya tabbatar, ya ɗauki rimot ɗin talabijin ya saita bakinsa ga kyamarar waya ya danna maɓalli. A wayoyi da dama zai ga ɗan ƙwan da ke bakin rimot ɗin yana ƙyaftawa a fuskar wayar, alhali idonsa bai ga komai ba. Na nuna wa yaron haka a daren, ya riƙa dannawa yana ɗago kai yana duba rimot ɗin, yana komawa ga wayar.

Irin wannan hasken aka ƙera Webb domin ta kama. An harba ta ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kourou, a gaɓar Kudancin Amurka, tana zaune kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Madubinta mai faɗin mita 6.5 an haɗa shi ne da ɓangarori 18 masu kusurwa shida-shida, an shafe su da zinare. Tana kama haske daga maikiron 0.6 har zuwa wajen 28, wato kusan duk abin da take gani, ido ba ya ganinsa. An yi haka da gangan. Wannan haske yana ratsa ƙurar da ke lulluɓe taurarin da ake haifa, kuma hasken gungun taurari mafi nisa yana isowa ne bayan faɗaɗar sararin samaniya ta ja igiyarsa ta fitar da ita daga abin da ido ke iya gani. Saboda haka tambayar "wane launi ne na gaskiya" ba ta da amsa a nan. Haske mai tsawon maikiron 4 ba shi da launi a wurin ɗan Adam, kamar yadda sautin da jemage ke fitarwa ba shi da amo a kunnenmu.

Abin da na'urar ke aikowa gida lambobi ne. Kowane ɗigo a jikin na'urar ɗaukar hoton yana ƙirga yawan hasken da ya faɗo masa, ya ba da adadi. Idan aka buɗe ɗanyen hoton yadda ya zo, kusan baƙi ƙirin za a gani, sai 'yan ɗige-ɗige farare, domin tazarar da ke tsakanin tauraro mai ƙarfi da hayaƙin da ke gefensa ta fi abin da fuskar kwamfuta ke iya nunawa a lokaci guda. Sai an miƙar da ma'aunin, an ɗaga masu rauni ba tare da an ƙone masu ƙarfi ba, sannan siffa ta bayyana. Ana ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa, kowane karo da matacin haske daban, wanda ke barin yanki ɗaya kawai ya wuce. Hoton Carina da yaron ya nuna mini daga matata shida aka haɗa shi, kowanne ya ba da nasa hoton fari da baƙi.

Daga nan ne rini ke shigowa, kuma yana da ƙa'ida. A cibiyar da ke kula da aikin Webb a Baltimore, masu wannan aiki, irin su Joseph DePasquale da Alyssa Pagan, suna bin jerin da ido ya saba da shi ne: matacin da ya kama igiya mafi gajarta a ba shi shuɗi, na tsakiya a ba shi kore ko rawaya, mafi tsawo a ba shi ja. An ɗauko waƙar ne daga muryar da kunne ba ya kaiwa aka sauko da ita, ba a canza jerin sautukanta ba. Wanda ya san ƙa'idar zai iya karanta hoton. Idan ya ga ɗan ɗigo ja jawur a lungun hoton zurfin sama, ya san ko dai ƙura ce ta rufe shi, ko kuma yana da nisan gaske. Ana kuma ajiye ɗanyen bayanan a rumbun da kowa zai iya shiga ta intanet, har masu sha'awar abin a gidajensu suna saukewa su haɗa nasu hoton, wani lokaci da launin da ya sha bamban.

Matar da ta je awon ciki aka yi mata hoton sikanin, ta ga kan jaririnta da hannuwansa a fuskar na'ura, ba ta cewa likita ya yi mata ƙarya. Alhali babu hasken da ya shiga cikinta. Sauti ne aka aika, ya dawo, na'ura ta mayar da shi fari da baƙi. Ni a wurina hotunan Webb 'yan gida ɗaya ne da wannan.

Akwai ma abin da ke cikin hoton wanda babu shi a sama sam. Tsinkayen nan da ke fita daga jikin taurari, na'urar ce ke haifar da su, lokacin da haske ya goga gefen madubai da sandunan da ke riƙe da ƙaramin madubi. A hoton Webb za ka ƙirga manya shida da ƙanana biyu. A na Hubble, wata na'urar hangen nesa da ta girmi Webb, huɗu ne, kamar alamar tarawa. Da wannan kaɗai mutum zai iya gane na'urar da ta ɗauki hoto ko ba a faɗa masa ba.

Wani lokaci kuma ana saɓa wa abin da ido zai gani ko da hasken na gani ne, kuma akwai dalili. Shahararren hoton Hubble na 1995, wanda Jeff Hester da Paul Scowen suka haɗa, na wasu ginshiƙan ƙura uku a gajimaren Mikiya, misali ne mai kyau. Sun kama hasken sinadarai uku: farar wuta, haidirojin da oksijin. Matsalar ita ce hasken farar wuta da na haidirojin duka ja ne a ido, kusan ba a bambanta su. Da an bar su yadda suke, da sun narke cikin juna an rasa sanin inda kowanne yake. Sai aka bar wa farar wuta ja, aka ba haidirojin kore, oksijin shuɗi. Koren da ke hoton ba kore ba ne a sama. Taswirar sinadarai ce, kamar yadda ake shafa wa kowace ƙasa launinta a taswirar bangon aji, kuma babu ɗalibin da ke zaton ƙasar Chadi rawaya ce.

Irin wannan zaɓi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wajen shekarar 964 miladiyya, masanin taurari Abdurrahman al-Sufi, a ƙasar Farisa, ya zana kowane rukunin taurari sau biyu a littafinsa: ɗaya yadda mai tsayuwa a ƙasa zai gan shi, ɗaya kuma a juye, yadda yake a jikin ƙwallon sama da masana ke ƙerawa. Ya san zane ɗaya ba ya wadatarwa, kuma ya gaya wa mai karatu wanne ne wanne.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne hoton baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa. Ranar 10 ga Afrilu 2019 aka nuna wa duniya wani zobe mai launin garwashi, da duhu a tsakiya. Baƙin ramin yana tsakiyar gungun taurari na M87, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 55, nauyinsa ya kai na rana sau biliyan 6.5. Duk da wannan girma, daga nan duniya ƙanƙantarsa kamar a ajiye lemo a kan wata a ce ka hango shi. Babu madubi ɗaya da zai iya. Sai aka haɗa na'urorin rediyo takwas da ke Chile, Hawaii, Meziko, Arizona, Sifen da ƙuryar kudancin duniya, suka yi aiki tare cikin Afrilun 2017 a kan igiya mai tsawon milimita 1.3, kamar a ce madubi ɗaya ne mai faɗin duniya. Bayanan sun yi yawan da intanet ba za ta ɗauka ba, sai a jirgin sama aka yi jigilar faya-fayan ajiya zuwa Amurka da Jamus. Na ƙuryar kudu ma sai da suka jira hunturun can ya wuce jirage suka koma tashi.

To amma madubin da aka haɗa da wurare 'yan kaɗan, yawancinsa giɓi ne. Abin da aka samu gutsattsari ne, kuma hotuna da yawa mabambanta za su iya dacewa da gutsattsarin guda. Ga haɗarin kuwa a fili: kowa a cikin masu binciken ya san lissafin Einstein ya yi hasashen zobe, kuma mai neman zobe yana iya sa kwamfutarsa ta ba shi zobe. Abin da suka yi domin kare kansu daga son zuciyarsu shi ya fi burge ni a duk labarin. Sun kasu rukuni huɗu, aka hana su tuntuɓar juna tsawon makonni, kowane rukuni ya bi hanyar lissafinsa. Da suka haɗu a 2018 aka jera sakamakon, duka huɗun zobe ne, girmansa kusan ɗaya, kuma gefen ƙasa ya fi haske. Wannan fifikon haske ma yana da ma'ana: abin da ke juyawa yana tunkaro mu da gudu kusa da na haske ya fi bayyana da ƙarfi. Duk da haka wasu masana daga Japan sun sake nazarin bayanan a 2022 suka ƙalubalanci zoben, kuma haka ya kamata kimiyya ta kasance. A farkon 2024 aka fitar da sakamakon wani sabon kallo da aka yi a 2018: zoben yana nan da girmansa, wurin da ya fi haske ne ya ɗan gusa. Launin garwashin kuwa zaɓi ne tsagwaronsa. Igiyar rediyo ba ta da launi, an ɗauki ruwan lemo da rawaya ne domin su nuna ƙarfi da rauni. Da sun so shuɗi su yi, da lambobin ba su canza ba.

Kada a ɗauka ina wanke masana ne gaba ɗaya. Akwai inda aka yi sakaci, kuma labarin Neftun, ɗaya daga duniyoyin da ke zagaya rana, shi ne shaida. Kumbon Voyager 2 ya wuce ta gefen duniyar Yuranus a 1986, ya wuce Neftun a 1989. Hotunan Yuranus an fitar da su kusa da launinsu, shuɗi mai haske da ya ɗan karkata ga kore. Na Neftun kuwa an ƙara musu kaifi domin gajimare da guguwar da ke jikinta su fito, sai ta koma shuɗi mai duhu kamar an tsoma ta a baba. A lokacin an rubuta a ƙarƙashin hoton cewa an ƙara launi. Hoton ya shiga littattafan makaranta da jaridu, bayanin ya zube a hanya. Sama da shekara talatin yara suna haddace cewa Neftun shuɗiya ce shar, sai a Janairun 2024 Patrick Irwin na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka sake lissafin suka nuna cewa duniyoyin biyu kusan launinsu ɗaya, Neftun ta ɗan fi shuɗi kaɗan ne kawai. Babu wanda ya yi niyyar yaudara, amma an yaudaru. Hoto yana da ƙafa, bayaninsa ba shi da ita, kuma a zamanin da ake tura hoto daga waya zuwa waya tsirara, abin ya fi na da muni.

Taswirar nan mai siffar ƙwai, mai ɗige-ɗigen ja da shuɗi, da kumbon Planck na Turai ya fitar a 2013, ita ma tana ruɗa mutane. Tana nuna haske mafi tsufa da ake iya kamawa, wanda masana suka ƙiyasta ya taso kimanin shekara 380,000 bayan farkon faɗaɗar sararin samaniya. Mai kallo zai zaci ja wuta ce, shuɗi ƙanƙara. Alhali ko'ina sanyinsa kusan ɗaya ne, wajen digiri 270 ƙasa da sifiri, bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 ba, an zuzuta shi ne domin a gani. Siffar ƙwan kuma ba siffar halitta ba ce. Dukan sama ce aka shimfiɗe a takarda, yadda ake shimfiɗe duniya a taswira.

Zanen da ya fi kowanne ɓatar da mu shi ne wanda muka fi sabawa da shi, na rana da duniyoyinta a jere kamar 'yan makaranta a layi. Babu takardar da za ta ɗauki girman da nisan a ma'auni ɗaya. Ajiye ƙwallon ƙafa a tsakiyar fili a matsayin rana. Duniyarmu za ta zama ƙwayar gero guda, nisan mita 24 daga ƙwallon, wata kuma ɗan ƙurar da ke santimita 6 daga geron. Mushtari, babbar cikinsu, ba ta kai goro ba, tana can mita 120 da 'yan kai, ta fita daga filin. Neftun sai an yi tafiyar mita 700. Tauraro mafi kusa da rana kuwa, a wannan ma'aunin, yana nisan sama da kilomita 6,000, wato ya wuce nisan Kano zuwa Landan. Duk abin da ke tsakani fanko ne. Ina ganin duk malamin da ke koyar da wannan darasi ya kamata ya fita da ɗalibansa fili ko sau ɗaya, da ƙwallo da ƙwayar gero, su taka nisan da ƙafarsu.

Sai kuma zanen masu zane. Duk hoton da ka gani na gungun taurarinmu daga sama, yana murɗe kamar guguwa, ba hoto ba ne. Muna cikinsa, faɗinsa wajen tafiyar haske ta shekara 100,000, kuma Voyager 1 da aka harba tun 1977, wanda ya fi duk wani abin da ɗan Adam ya ƙera nisa, abin da ya ci a tsawon waɗannan shekaru kimanin tafiyar haske ta kwana ɗaya ce. An gina zanen ne a kan awon wuraren taurari, irin wanda kumbon Gaia ya yi wa taurari kusan biliyan biyu, da kuma kwatance da wasu gungu da muke hangowa daga waje. Haka duniyoyi bakwai na tauraron TRAPPIST-1 da aka sanar a 2017, waɗanda ake nunawa da teku da duwatsu da faɗuwar rana. Babu wanda ya ga fuskarsu. Abin da aka auna shi ne girma, nauyi da tsawon zagayensu, sauran hasashen mai zane ne. Hukumomin da ke fitar da su suna rubuta hakan a ƙasa, amma kamar na Neftun, rubutun ba ya bin hoton.

A ƙarshen Yulin 2022 wani masanin kimiyya na Faransa, Étienne Klein, ya wallafa wani jan da'ira a kan baƙin bango ya ce hoton tauraro mafi kusa da rana ne daga Webb. Dubban mutane suka yaɗa. Daga baya ya bayyana cewa yankan nama ne ya ɗauka, ya nemi afuwa, ya ce nufinsa a koyi yin hattara. Yanzu da manhajojin ƙirƙirar hoto suka cika wayoyi, ba a ma buƙatar naman. Shi ya sa na roƙi ɗan yayata, kafin ya tura irin wannan hoto gaba, ya nemi inda aka fara fitar da shi, ya karanta wace na'ura ce ta ɗauka, da wane haske, kuma an ce hoto ne ko zane.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, nau'in da ya fi kowanne faɗin gaskiya shi ne wanda ba a yaɗawa, wato jadawali mai layi da ɗige-ɗige. A Agustan 2022 aka fitar da ɗaya a kan wata duniya mai suna WASP-39 b, mai nisan tafiyar haske ta shekara 700. Webb ba ta ga duniyar ba. Ta zuba wa tauraronta ido ne lokacin da duniyar ke giftawa ta gabansa, ta auna yawan hasken da ya ragu a kowane tsawon igiya. Wani ɓangare na hasken yana ratsa iskar da ke kewaye da duniyar, kuma kowane sinadari yana da tsawon igiyar da yake haɗiyewa. A jadawalin, layin kwance yana nuna tsawon igiya, na tsaye yana nuna yawan hasken da aka tare. Wajen maikiron 4.3 ɗige-ɗigen suka yi tozo, kuma wannan tozon shi ne shaida ta farko bayyananniya ta iskar kabon dayokzaid a wata duniya da ke wajen gidan ranarmu.

Kowane ɗigo a jadawalin yana ɗauke da ɗan tsinke a tsaye, sama da ƙasa. Tsinken yana faɗin iyakar kuskuren da awon zai iya ɗauka: gajere, an tabbata sosai, dogo, a yi hattara. Babu hoto mai launi da ke nuna maka inda mai shi ke shakka, jadawali kuwa yana nunawa a kowane ɗigo. A gefen babban tozon, wajen maikiron 4, akwai wani ƙaramin tudu da lissafin masu binciken bai yi hasashensa ba. Ba su goge shi ba, suka bar shi a fili suka ce ba su gama gane shi ba tukuna. A Nuwamban shekarar aka tabbatar hayaƙin farar wuta ne, wanda hasken tauraron ke haɗawa a saman iskar duniyar, kuma shi ne karo na farko da aka kama irin wannan aiki na haske a wata duniya ta wani tauraro.